Shekarar da Muka Ci Bado

Ranar wata Laraba a tsakiyar damina, shekarar da na shiga aji huɗu, Baffa Sale ya zo da kwalekwale ya tafi da ƙanwata Ummi. Ina tsaye a bakin tudun da muka yi zango, ina kallon jan kallabinta har ya ɓace cikin ciyawar kacala. Kogin Haɗejiya ya cinye ƙauyenmu, ɗakunan ƙasa sun zube, shinkafarmu ta nutse. Baffa, wan mahaifinmu, yana zaune a cikin gari inda ruwa bai kai ba, ya ce yarinya ɗaya zai iya riƙewa. Ni ce babba, na iya surfe, na iya wanke-wanke. Amma Ummi ce mai tari, ita aka zaɓa.

A tudun nan bukkokin zana muka kafa, mu da maƙwabta da shanun makiyayan da ruwa ya koro. Makarantarmu na cikin ruwa, don haka da safe nakan bi kakata Iya Falmata mu shiga kwalekwale ciro bado. Mu shanya kawunansa a tabarma, mu farfasa, mu sheƙe 'yan ƙwayoyin, Inna ta tuƙa. Baba kuwa kullum yana dawowa da tarwaɗa ko karfasa, don ambaliyar ta zo da kifi mai yawa. Da yamma 'yan mata na gaɗa da carafke, ni kuwa ina gefe ina tunanin abin da Ummi ke ci.

Wata Juma'a Baba ya dawo daga masallacin gari tare da ita, don ta gaishe mu. An yi mata sabon kitso, an saya mata takalmin roba, tarin ya tafi, hannunta na ƙamshin miyar albasa. Ta zauna tana ba mu labarin fitilar lantarki, da makarantar da aka sa ta. Inna ta ɗora ta a cinya tana shafa kitson. Ummi ta miƙo mini alewa, na ce haƙorina ke ciwo. Bayan an mayar da ita aka ajiye mini tuwon bado da romon kifi, na ture kwanon, na tambaya me ya sa Allah ya ba Ummi shinkafa ya bar ni da abincin tsuntsaye. Baba ya ajiye lomar da ke hannunsa, ya ɗauki komarsa ya koma ruwa.

Washegari a cikin kwalekwale Iya ta ba ni labarin Bani Isra'ila, tana tuƙi ba ta ko kallona. Ta ce bayan Annabi Musa ya tsallakar da su teku sun yi shekaru suna yawo a jeji, ba gida ba gona. Allah ya yi musu inuwa da gajimare, ya fitar musu da ruwa daga dutse, ya riƙa saukar musu da wani abu mai zaƙi da tsuntsayen salwa. Duk da haka suka ce sun gaji da abinci iri ɗaya, suna son albasa da tafarnuwa irin na ƙasar da suka baro. "Ba yunwa ce ta dame su ba," in ji ta, "tuna tukunyar wasu ne." Na tambaye ta ko an ba su. Ta ce an ce su sauka gari za su samu, amma an tambaye su yadda za su musanya mafi alheri da abin da bai kai shi ba. Sai ta nuna mini badon da ya rufe ruwa ta ce, "Wa ya shuka wannan?"

Na ci tuwon a ranar, amma kishin bai bar ni ba. Har ruwa ya janye muka sake gini, Baffa bai dawo da Ummi ba. A can ta girma, ta yi karatun da ban yi ba, ta yi aure a Kaugama. Iya kuwa ba ta ga daminar gaba ba. Watannin ƙarshe na ƙarfinta a kaina suka ƙare, a kwalekwale, tana koya mini addu'o'i da labaran annabawa.

Yanzu ina zaune a Haɗejiya, yarana ba su san ɗanɗanon bado ba, sukan tura kwano in an maimaita musu miya. Ummi kan zo da mota, har yau in ta sauko kishin nan kan ɗan motsa mini. A zuwanta na bara muna zaune a tsakar gida ta ce ta kasa tuna muryar Iya, in kwatanta mata. Labarai da addu'o'inta suka yi mini yawa, na rasa da wanne zan fara. Ashe ni ma an ba ni rabona a tudun nan, hankalina ne ke wani wuri.