Sawun Kaza a Littafin Baba

Madawa zuwa Buza

Ana idar da sallar asuba na hau kamiyon, babbar motar albasa, raina a ɓace. Tun bara wani ɗan kasuwar Keita, Alhaji Iro, ya ari littafin wa'azin da marigayi babana ya rubuta da hannunsa, shiru kake ji. Ga shi an ce an ga littafin a kasuwar Buza. Inna ta ce kada in dawo ba shi.

Jandarmomi sun tsare mu a hanya, sai azahar muka isa. A rumfar mai turare na gan shi. Rubutun baba ne, har da sawun kazar da ta taka shafin farko tawada ba ta bushe ba.

"Ina kas samo wanga?" na ce.

"Saye niy yi. Kana so, biya."

Na biya ina harararsa.

Garhanga

Na bi 'yan raƙuma don in je in ji bakin Alhaji. Liman ya sauke ni, aka kawo fura. Muna hira ya jawo gafakarsa, sai ga littafin baba, ga sawun kaza. Na laluba jakata, nawa na nan. Furar nan ban shanye ta ba.

Keita

Alhaji Iro ya tarbe ni da fara'ar da ban yarda da ita ba. Bayansa littafin baba ne tuli guda.

"Ba tsahi ba na, ɗana," ya ce. "Bugun maɗaba'a na. Hoto aka ɗaukar shahin littahi, a maishe shi bisa hwaranti na ƙarhe, a jiƙa. Tawadarsu mai maiƙo ta, ba ta shiri da ruwa, sai ta kama rubutu kaɗai. Roba ta ɗauka, ta danna ma takarda. Da da dutsi aka yi."

"To ina na ainihin?"

Ya hau gyaran carbi. Wai yana maɗaba'a can ƙetaren iyaka, wai an tashi daga wurin, wai zai bincika.

Gida

Na gode wa Allah da ya maido ni lafiya, da limamin Garhanga. Na miƙa wa Inna wanda na saya. Ta ga sawun kaza ta yi murmushi. Sannan ta lashi yatsa ta goga a kan harafi, yadda take yi in kewarsa ta taso, don baƙin ya kama mata fata. Ta duba yatsan, fes.

"Rubutunai na," ta ce, "amma hannunai bai taɓa takardag ga ba."