Uwar Agogon Malam Isiyaku

Shekara shida ke nan da rasuwar abokina Malam Isiyaku, malamin kimiyya a makarantarmu ta Safana. Har yau in na shiga ofis, kunya ba ta barina in ɗaga kai in dubi bango.

Lokacin da 'yan bindiga suka addabi hanya, a-kori-kura ɗaya ce ke kwasar ɗalibanmu na Runka, direban kuma ba ya jiran kowa, don ba mai son yamma ta riske shi a daji. Gine-ginenmu a warwatse suke, kowanne da agogonsa, kowane malami kuma yakan tura nasa gaba ko baya yadda ya ga dama. Wani aji ya tashi, wani na tsakiyar darasi, mota ta tafi ta bar yara.

Sai Isiyaku ya kafa agogo ɗaya a ofis da batirin sola, ya ja waya zuwa agogon kowane gini. Na ofis ya kira shi uwa: in ta motsa, 'ya'yan su motsa tare. Muka riƙa yi masa tsiya, wai ko filin jirgi sai haka. Ya ce, "Ku sha dariyarku, Malam Lawal, ni dai kar a bar mini yaro a bakin titi." Ba a ƙara barin ko ɗaya ba.

Bayan rasuwarsa batirin ya yi sanyi, agogunan suka tsaya. Rayuwa ta yi tsada, kullum sai mu ce wata mai zuwa za mu sayi sabo. Na zagi gwamnati son raina, amma laifi tudu ne, ni ne mataimakin shugaban makaranta, kuma da ɗan ƙarfin da ya rage wa batirin nake cajin wayata.

Yanzu kowane malami wayarsa yake dubawa a aljihu, ya ce bari in ƙarasa wannan babin. Da can kuwa agogon bango yara ma suna gani, su fara tattara littattafai. A zangon nan an sake barin wasu, suka kwana ɗakin maigadi, iyayensu ba su runtsa ba. Da Isiyaku zai dawo, ba zai yi faɗa ba, tsani kawai zai nema. Wannan ya fi ci mini rai.

Ran Juma'a na je Batsari gaida matarsa Hajara. Bayan mun yi masa addu'a ta ce, "Malam Lawal, agogon nasa dai yana tafiya ko?"

Na ce yana tafiya.

Ta share hawaye ta ce, "Alhamdu lillahi. Ashe ladansa bai yanke ba."