Ranar da Na Toshe Tafki

Kada kowa ya tambaye ni girman tafkin nan. Na koma na gan shi bayan na girma, na ji haushi, saboda haka ba zan faɗa ba. A idona na 'yar shekara tara dai, teku ne.

Larabawan wajen birka suke ce masa. Ginin dutse ne a gindin wani tsauni bayan Ɗa'ifa, inda ruwan wani ɗan marmaro yake taruwa. Kaka ce ta sa masa suna tafki. A bakin kogi aka haife ta can ƙasar Hausa, kafin su tako da ƙafa ta Sudan su zo Makka, kuma ta ce ba za ta tsufa tana kiran ruwa da sunan da bai yi mata daɗin baki ba.

A gefensa muke da ɗaki. Ɗaki ɗaya, na dutse da laka, da rumfar ganyen dabino a gaba, da ƙofar da sai an ɗaga ta take rufuwa. Kakanmu namiji ne ya gina shi. Shi ya gyara wa masu lambunan wajen bangon tafkin wata shekara da ya tsage, su kuma suka ce ya kafa ɗaki ya riƙa kawo iyalinsa shan iska. Babu takarda, babu komai, magana ce kawai ta baki. Shi ya rasu, maganar ce ta rage mana. Ko taki ɗaya na ƙasar ba namu ba ne.

Da zafi ya sauko Makka, bangon gidanmu na unguwar Misfala ya fara ƙona bayan mutum, sai Baba ya ɗora mu a bayan lori, ni da Yaya da Inna da Kaka, da tabarmi, da tukwane, da ƙullin kuka da daddawar da alhazai suka kawo mana tsaraba. Yini guda muna jijjiga. Yaya ta yi amai, ni in yi ta tambaya ko mun kusa har Inna ta ɗaka mini duka a cinya. Baba ya kwana biyu ya juya, don ɗinki na jiransa a shago.

Kai, Ɗa'ifa! Ka kwanta da rana ba ka jiƙe da gumi ba. Ɓaure a kan bishiya, ba a faranti ba. Inabi har ya ishe ka. Kwaɗi kuwa, ni da Yaya mun sa wa kowanne sunan wata maƙwabciyarmu ta Misfala, gwargwadon muryarta. Kaka takan zauna a bakin bango ta tsoma ƙafafu, ta yi ta ba mu labarin kifin garinsu, wanda kullum sai ya ƙara tsawo.

Amma sai an san yadda muka tashi da ruwa kafin a gane wautar da na tafka. A Misfala ruwa a kafaɗar mutum yake zuwa, garwa biyu a jikin sanda, a juye a randa, Inna ta rufe ta zauna kusa. Ruwan da aka wanke shinkafa shi za a wanke kwanuka, wanda aka wanke kwanuka shi za a yayyafa a tsakar gida. Na taɓa barin buta ta kife, sai da aka yi sati ana ba baƙi labari. Ni dai tunda na buɗe ido ban taɓa ganin ruwa yana tafiya shi kaɗai babu mai bin sa da gudu ba.

An hana mu zagayawa bayan bangon tafkin, wai akwai macizai. Shekara uku ina bin doka. A ta huɗu, wata safiya, na riga Yaya tashi don in riga ta ga ɓauren da ya nuna, sai na ji wata ƙara a bayan bango, shaaa. Na leƙa.

Inna lillahi! Rami ne a gindin bangon, ruwa na ta bulbulowa kamar an yanka raƙumi, yana bin wata 'yar hanya yana shigewa cikin ciyayi. Ga wani guntun icce naɗe da tsumma yashe a gefe. Ban tsaya tunani ba, ni dama ba gwanar tsayawa ba ce. Na ce marfin ne ya faɗi, tafkin Kaka zai ƙare. Na dira, na rarumi iccen, na cusa. Ruwa ya ture ni, na tashi na sake. Na samo dutse na yi ta bugu har ya shige. Yana ɗan tsiyaya ta gefe, na cire kallabina na cuccusa, na shafe da laka. Ɗis bai ƙara fita ba.

Na koma gida jiƙe sharkaf, ina tafe ina fankama.

"Inna, yau na ceci tafki."

Tana fama da wutar da ta ƙi kamawa. Ko juyowa ba ta yi ba. "To, madalla. Miƙo mini mafici."

Ana gab da azahar muka ji sallama, irin wadda ba ta neman amsa. Tsohon da ke da lambu a can ƙasan kwari ne, wani dogon Balarabe mai jan gemu, wanda muke ce wa Ammi, wato baffa. Kullum in ya wuce sai ya jefo mana inabi. Ran nan babu inabi. Kallabina ne a hannunsa, yana ɗigar laka.

"Ya hajja," ya ce da Kaka, "na wace ce wannan?"

Ni da bakina na ce, "Nawa ne. Ni na gyara muku. Ba sai ka gode ba."

Yaya ta ce har ta mutu ba za ta manta fuskarsa ba.

A nan na fara jin yadda abin yake. Ashe ruwan tafkin rabo ne. Kowane lambu da ranarsa, kuma akwai wata sanda da aka kafa a kan bango, mai rabo ya buɗe da fitowar rana, in inuwar sandar ta taɓa wani farin dutse, nasa ya ƙare, na gaba ya karɓa. Ammi ya buɗe nasa da sassafe, ya gyara hanya, ya ɗora inabi a jaki ya tafi kasuwa hankali kwance. Ya dawo ya tarar da inuwa a kan dutse, gona a bushe. Rabonsa ba zai sake zagayowa ba sai bayan kwana takwas. Manyan bishiyoyi za su jure. Amma yana da dashen rumman talatin da biyu, 'yan ƙanana, waɗanda bai daɗe da kafawa ba.

"Ba za su kai ba," ya ce. "Wallahi in suka mutu zan tara masu lambu. Mun ba mijinki wuri don ya tsare mana ruwa, ba don jikokinsa su kashe mana gona ba. Gara mu sa awaki a ɗakin."

Inna ta fara ba da haƙuri, Hausa da Larabci duk a haɗe. Ni kuwa na ce, "To ai zuba yake yi a ƙasa!"

"Ya binti, ƙasar ce take sha!"

Kaka ta bari ya huce kaɗan. Ta dubi ɗakin nan, na ga ta dubi inda kakanmu ya danna tafin hannunsa a laka saman ƙofa. Sannan ta ce, "Ya shaihu, ruwan da muke ɗiba da hannu fa?"

"Wannan na sha ne da girki. Garwa huɗu kowane gida, ba a hana kowa. Ba na ban-ruwa ba ne."

"Ba za mu ƙara ko moɗa ɗaya a kan huɗun ba. In mun ɗiba, abin da muka yi da shi ruwan wani ne?"

Ya yi wata dariya marar daɗi. "Garwa huɗu? Ku sha, ku dafa, ku yi alwala, sannan ku shayar da dashe talatin da biyu?"

Kaka ta ce, "Kai ɗan Ɗa'ifa ne. Ba ka san mutanen Makka ba."

Haka muka mai da Ɗa'ifa Misfala. Inna ta ɓoye sabulu, aka koma wanke kwano da toka da yashi. Alwala a kan tasa, kada ɗigo ya faɗi ƙasa. Wanka kuwa aka ɗage shi sai illa ma sha Allahu. Ruwan shinkafa, ruwan ɗauraya, ragowar shayi, duk a garwa ɗaya. Safe da yamma ni da Yaya mu rataya ta a sanda mu gangara kwari, tana tafe tana zagina.

"'Yar ceton tafki. Allah ya isa tsakanina da ke."

"Ke dai riƙe sosai, kina zubarwa."

"In zubar miki a ka!"

Kaka na biye da mu da moɗa da wani tsinken icce. Ba ta yarda a watsa ruwa haka kawai ba. A gindin kowane dashe sai ta huda rami, a tsiyaya moɗa ɗaya a hankali kamar ana ba jariri magani, a rufe da busasshiyar ciyawa, a ɗora dutse don rana kada ta sace. Ammi na tsaye daga nesa, hannu a baya, yana kallon mahaukata. Rana ta uku ya matso. Rana ta huɗu na kama shi ya tsuguna yana ɗaga dutse yana taɓa ƙasar da yatsa.

"Da sanyi?" na ce.

"Ke ba a koya miki yin shiru ba ne?"

"An gwada."

Ranar ta biyar ganyen wasu ya fara lanƙwashewa, biyu daga can ƙarshe suka yi ja. Na tsaya a kansu. Na juye musu ruwan shana na ranar, ban gaya wa kowa ba, amma Kaka ta ga leɓena da yamma, ta turo mini moɗarta. Duk da haka biyun nan ba su tashi ba.

Rana ta takwas, rana ba ta gama fitowa ba, Ammi ya yi sallama. Wannan karon ya jira aka amsa. Ya ce Kaka ta ba shi aron mai kallabi. Muka zagaya bayan bango, Kaka da Inna da Yaya na biye, ya nuna mini iccen.

"Ke kika rufe. Buɗe."

Na ja, na ja, ya fita fut, ruwa ya watso mini a fuska. Ya kama hanya yana gudu, ni kuma wallahi hannuna har ƙaiƙayi yake don in sake toshewa. Na ɓoye shi a baya. Ammi ya lura, ya ce in bi ruwan in ga inda yake zuwa. Na bi shi a guje har kwari, na ga yana shiga gindin dashen ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaga 'yan ciyayin Kaka. Talatin a tsaye, biyu a bushe.

Ya iso yana haki, ya ƙirga da sandarsa, ya sake ƙirgawa. Kaka ta tsaya tana jira, ta riƙe bakin mayafinta tamau.

"Biyu sun tafi, ya hajja."

"Na gani."

"Bara da ruwana cikakke biyar suka tafi." Ya sosa gemu. "Awakina ma ba sa son ɗakin nan, ƙofarsa ba ta rufuwa. In kun zo baɗi ku taho da wannan, ta dasa mini biyun da ta ci. Amma a ɗaure mata hannu in za ta wuce bango."

Kaka ta saki mayafin. Ta ce, "Mu je gida, ku yi wanka, duk kun ishe ni da tsami."

Kallabin dai bai dawo mini da shi ba. Ya naɗe iccen da shi, ya ce ya fi tsohon tsumman kamawa. Shekara uku ina ganinsa a gindin bango, tun yana shuɗi har ya koma kalar laka.