Kofur Bawa da Hannun Saje

Ku da kuka san Kofur Bawa, Allah Ya jiƙan rai, kun san ba ya wuce shagon Emeka, mai kayan wasan yara a kasuwar Zuru, bai tsaya fareti ba. Sai ya jera sojojin roba bisa tebur, ya ɗaga guda wajen rana, ya kanne ido. In haske ya ratsa cikin sojan, ya girgiza kai.

"Emeka, yunwa! Kamfani ya hana yaran nan abinci."

"Baba, roba ya yi tsada. Su ma kamfani suna neman riba."

"Shi ya sa farashi ke ƙiba, soja na ramewa?"

Ni bokona bai yi nisa ba, amma duk masanan tattalin arzikin da ke surutu a rediyo, ban ji wanda ya kamo Kofur ba.

Abin da ke kai shi shagon, Saje ne: wani tsohon sojan roba da ya zo da shi daga bariki, mai nauyi kamar dutsen guga, gwiwa na lanƙwashewa, har gira an zana mishi. Hannun dama ya ɓalle ya ɓace, Kofur kuwa ya rantse ba zai bar duniya ba sai Saje ya sake sara mishi. Shekara da shekaru yana neman hannu. Ina! Sojojin yanzu a dunƙule ake zuba su, ba gaɓa, hannu manne da cinya. Wata shekara ma aka kawo masu fenti a gaba kaɗai, baya fari fat.

"Baba, wa yake duba baya?" in ji Emeka.

"Abokin gaba mana, ranar gudu!"

Tausayi ya sa ya sayi ramammun, ya huda kawunansu da ƙusa mai zafi, ya ɗura musu dawa har wuya, wai sojansa ba ya fareti da yunwa. Ya jera su bisa katanga ya manta. Damina ta sauka. Jama'a, sai ga dawa ta tsiro ta tsakar kan kowane soja!

Na ce, "Kofur, rundunarka ta koma gona."

Ya harare ni. "Farar hula kawai! Mi ka sani? Sun yi ɓad-da-kama ne, sun shiga daji."

Har yau in na lumshe ido ina ganinsu a jere, iska na kaɗa ganyen kansu a hankali, kamar sun doshi garin Sakaba da ƙafa.

Da ciwo ya kwantar da Kofur, Emeka ya zo ya karɓi Saje. Ya yanko hannun wani sabon soja, ya tsoma a ruwan zafi, robar nan don rashin kauri ta lanƙwashe kamar ganyen rama. Ya manna da gam. Hannun gajere, launinsa dabam, amma ga shi a goshi.

Kofur ya daɗe yana kallo. Ya ɗaga nasa hannun, ya amsa sarawar.

"Emeka, hannun nan ya rame."

"Baba, da mai ƙiba ne, ba zai lanƙwashe ba."

"To, a gaida kamfani."

Saje na can shagon Emeka yanzu, yana sara wa duk mai wucewa, kuma ba na sayarwa ba ne. Allah Ka gafarta wa Bawa, Ka yalwata makwancinsa, Ka sa ya huta inda babu mai rama.