Duwatsu Bakwai da Babu Su

A sashen nazarin ƙasa na jami'ar, ba wanda ke kiranta da sunan yanka. Ɗalibai ne suka laƙaba mata Anti Umarni, saboda ba ta yarda ta taɓa linzamin kwamfuta. Kowa na danna hotuna, ita kuwa sai ta buɗe baƙin allo, ta rubuta wa na'ura umarni layi-layi, ta naɗe hannu tana jiran amsa. In sabon ɗalibi ya tambaye ta me ya sa take wahalar da kanta, takan ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Abin da ka danna, gobe ka manta. Abin da ka rubuta yana nan."

Da tafireta ta fara aiki a wurin, tana 'yar shekara ashirin da biyu, tana buga takardun jarrabawa da wasiƙu. Ranar da aka kawo kwamfutar farko, malamai suka yi ta zagaya ta, kowa na tsoron kada ta lalace a hannunsa. Aka ce ai mai buga rubutu ce ta saba da madannai, a ba ta. Haka aka sauya mata rayuwa ba tare da an nemi shawararta ba. Wani matashin malami da bai daɗe da dawowa daga karatu ba, wanda yanzu shi ne Farfesa, ya ajiye mata littafin umarnin, mai kauri kamar bulo, ya ce ta duba in ta samu sarari. Cikin wata huɗu ta haddace rabinsa, shi kuma daga nan bai sake buɗe shi ba.

Ofishinta wani siririn ɗaki ne a ƙarshen baranda, kusa da ma'ajiyar duwatsu. Akwai fanka mai ƙara, da taga mai kallon tankin ruwa, da kanta guda cike da littattafai masu baƙin bango. Duk umarnin da ta taɓa ba na'ura yana cikinsu da kwanan watansa. Sun kai talatin da ɗaya.

Aikinta shi ne neman wuta a ƙarƙashin teku, ita da ba ta taɓa ganin teku da ido ba, kuma abin bai dame ta ba. Mijinta tela ne, da keken ɗinkinsa ma ta yi masa bayani tun suna da ƙuruciya. Ta ce can ƙarƙashin ƙasan teku akwai wuraren da wuta ke hudowa, su a sashe murhu suke ce musu. Murhun yana tsaye wuri ɗaya kamar allurar keke, ƙasan tekun ce ke tafiya a kansa a hankali kamar yadi. Duk inda ya huda sai dutse mai aman wuta ya fito, ya mutu, ƙasa ta tafi da shi, wani ya fito a bayansa. Ita ɗinkin take gani, allurar take nema.

"To ki bi zaren mana," in ji shi.

Abin da take yi ke nan. Jiragen ruwa sun auna zurfin teku, an zuba awon a taswira gida-gida, kowane gida da lambarsa. Sai ta ba na'ura taswirar, ta ba ta fayil ɗin da ke faɗin yadda ƙasan take tafiya, ta rubuta umarni. Na'ura ta ja layi daga kowane dutse zuwa duk inda zai yiwu ya taso. Inda layuka da yawa suka haɗu sai wurin ya yi ja a hoto, nan murhu yake. Babban dutse ya fi ƙarami nauyi a lissafin.

Shekara talatin da biyar tana wannan. Farfesa ya fitar da maƙaloli sun fi arba'in, hotunan cikinsu duk daga ɗakinta suka fito. A ƙarshen kowace, da ƙananan haruffa, akan gode wa "ma'aikatan sashe". Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, amma abin yana ci mata rai, kuma ta san yana ci mata.

Saura wata goma sha ɗaya ta yi ritaya, wani jan tabo ya bayyana a hotonta a inda ba a san da murhu ba. Farfesa ya tsaya a bayanta, ya cire tabarau ya mayar, ya sake cirewa. Layukan sun taso ne daga wasu manyan duwatsu bakwai a jere. Ranar ya ce mata, "Malama, wannan karon sunanki zai hau sama, kusa da nawa. Na daɗe da wannan niyyar." Ta ce ta gode, ta ci gaba da rubutu.

Aka rubuta maƙala, aka aika wa wata babbar mujalla ta waje. Masu dubawa suka yi 'yan tambayoyi, aka amsa, aka karɓa. Wata Laraba aka turo shafukan gwaji don a duba kafin bugu. Ga sunanta nan na biyu, an rubuta shi daidai. Ta buga shafin ta kai gida. Kafin yammar Alhamis, duk wanda ya kawo ɗinki shagon mijinta sai da ya ji labari, har da masu zuwa gyaran zik.

Tana da wata ɗabi'a da ta daɗe tana ba Farfesa haushi. Ba abin da ke fita daga ɗakinta sai ta sake yin sa daga tushe, tana bin littafinta layi-layi kamar aikin wani ne. Safiyar Juma'a ta ɗauko littafi na talatin ta fara. Da ta zo kan duwatsun bakwai, sai ta ce wa na'ura ta nuna mata tsayin kowanne, don kawai ta gani.

Duk bakwai ɗin kansu ya tsaya a sifiri cif. Ta faɗaɗa hoton. Gefensu a miƙe yake, kusurwoyinsu huɗu-huɗu kamar akwati. Ta ga dutsen teku mai shimfiɗaɗɗen kai ba sau ɗaya ba, amma ba ta taɓa ganin mai kusurwa ba.

Ba ta ɗauki minti goma ba ta gano abin da ya faru. Taswirar wurin daga awon jirage biyu ta haɗa ta. Inda na'urar awon jirgi na farko ta tsaya, ma'aikatansa sun cike gidajen da lambar tara-tara, alamar babu awo, kuma ta gaya wa na'ura ta tsallake su. Jirgi na biyu tsoho ne, su sifiri suke sawa a irin wannan gurbin. A taswirar zurfi kuwa, sifiri shi ne saman ruwa. Wurin da zurfinsa ya kai mita dubu huɗu, in aka ce masa sifiri, na'ura za ta ɗauka dutse ne ya taso tun daga ƙasa har ya taɓa sama. Sau bakwai na'urar tsohon jirgin ta tsaya a wannan hanyar.

Ta duba littafinta. Layin tara-tara yana nan da rubutun hannunta, na sifiri babu. Ta yi ƙoƙarin tuna makon da ta haɗa taswirar, ko ta yi zazzaɓi, ko wani a gida ba lafiya. Babu ko ɗaya. Lafiyarta ƙalau ta manta.

Ta share gidajen bakwai, ta sake ba da umarni, ta naɗe hannu. Hoton ya fito shuɗi fes, babu ja ko ɗigo.

Da yamma ta tarar da mijinta a tsakar gida yana warware ƙasan wani wando. Ta zauna a kujerar roba ta gaya masa komai, da muryar da take karanta jerin cefane. Ya saurara har ƙarshe, reza a hannu.

"Wa ya sani?"

"Ni."

"Su masu dubawar fa?"

"Hoto suka gani. Fayilolin suna wurina. Kuma jirgi bai cika bi ta wurin ba, sai a yi shekara ashirin."

Ya juya wandon. "Maman Biyu, duwatsun nan da babu su, kan wa za su faɗo?"

Ta yi dariya, abin da ba ta zata ba. Sannan ta ce, "Wani zai zo ya ɗora aikinsa a kai. Ya yi shekara biyar yana neman wuta a inda na manta layi ɗaya."

"Kin san shi?"

"Ban san shi ba."

Ya ci gaba da warware wandon. Ta ga ransa ya sosu, kuma ta san ba masu kawo ɗinki yake tunani ba, ita yake ji wa. Asabar da Lahadi ta yi wanki, ta je duba jikarta, ta yi ta auna abin a ranta. Tana son sunan nan ƙwarai, ba ta ɓoye wa kanta ba. Saura mata wata biyu, wata maƙalar ba za ta riske ta ba.

Litinin da safe ta ajiye hotuna biyu a teburin Farfesa, mai ja da marar ja, ta yi masa bayani a tsaye. Ya daɗe yana kallonsu. Ya tambayi abin da mijinta ya tambaya, ta ba shi amsa iri ɗaya. Ya tashi ya je taga, ya dawo.

"Malama, me ya kai ki sake dubawa? An fa riga an karɓa."

"Kullum ina dubawa, ranka ya daɗe."

"Na sani," ya ce. "Shekara talatin ina fama da ke a kai."

Ya zauna ya dafe goshi. Ita ta ɗauka faɗa zai yi, har ta shirya. Sai ya ce ta ɗauko kujera ta zauna a kwamfutarsa, a rubuta wa editan mujallar a janye maƙalar. Yana faɗa tana bugawa, yadda suka saba tun zamanin tafireta. Ya ce, "An gano kuskure wajen haɗa bayanan jiragen biyu."

Ta buga, ta tsaya. "Ranka ya daɗe, wa ya yi kuskuren?"

"Bar shi haka. Sashe ne ya yi. Ba sai an kama suna ba." Don ya rufa mata asiri ya faɗa, ta kuwa gane.

"In sun tambayi wane fayil, wane layi, sashe ne zai amsa?"

Ta goge jimlar ta sake rubutawa. Ta bayyana tara-tara da sifiri, ta faɗi gidaje bakwai da inda suke, ta ce wadda ta haɗa taswirar ita ta yi kuskuren, ita ce kuma ta gano shi. Ta sa cikakken sunanta da na mahaifinta, da muƙaminta a sashe. Farfesa ya karanta ta bayan kafaɗarta har ƙasa, ya ce ta ƙara nasa a ƙarƙashin nata.

Wannan ne karo na farko da sunanta zai fita daga ginin a jikin wani aikin kimiyya. Mutum ɗaya ne zai karanta, ya adana a fayil. Duk da haka, sai da ta bi haruffan sunan sau biyu kafin ta aika.