Tayil Casa'in da Shida

Duk wanda ya taɓa ba Mai Tayil aiki ya san halinsa. Idan ɗaki zai ci kwali goma, sai ya ce a sayo goma sha ɗaya. Abokan aikinsa har sun laƙaba masa Ƙara-Kaɗan, shi kuwa ko a jikinsa. Gajeren mutum ne, gwiwoyinsa sun yi kanta saboda shekara ashirin da ya yi yana rarrafe a ɗakunan mutane, kullum da fensir a bayan kunne da tef ɗin awo a aljihu.

Halin nan ba da shi aka haife shi ba. Yana sabon shiga sana'a aka ba shi wani babban falo, ya auna, ya lissafa daidai, don a ce yaron ya iya. Wajen yanka sai guda biyu suka fashe. Aka zaga kasuwa kaf, launin ya ƙare. Mai gidan ya tsaya a gaban leburori ya nuna kusurwar da ta rage tsirara, ya wanke shi tas, ya kore shi. Wata shida babu wanda ya neme shi. Tun daga ranar, kalmar "daidai" tsoro take ba shi. Kwan fitila biyu yake saye, tasha kuwa da awa guda yake riga mota zuwa. Matarsa takan ce da ana sayar da numfashi, da ya ajiye rara a ƙarƙashin gado.

Auta, ƙaramar 'yarsa, ita ce ta ɗauko kansa a lissafi. Shekararta goma sha ɗaya, za ta zauna jarrabawar shiga makarantar kimiyya ta 'yan mata da ke ɗaya gefen gari. Mutum arba'in kacal ake ɗauka, kuma baɗi shekarunta sun wuce. Yayyenta duk a hanya karatu ya tsaya musu, don haka uban ya ɗora ransa a kan wannan.

Kullum da yamma, kafin ya wanke simintin hannunsa, sai ya zauna a tsakar gida a kan bokitin fenti da aka kife, Auta ta karanto tambaya daga littafin shirin jarrabawa. Karatu yana yi masa nauyi, amma lissafin ka, kafin ta kai aya ya gama.

"Ɗaki mai tsawon mita shida da faɗin mita huɗu," in ji Auta. "Kowane tayil rabin mita ne ta kowane gefe. Guda nawa ake bukata?"

"Ke me kika samu?"

"Casa'in da shida, Baba."

"Kin iya. To amma wa zai je aiki da casa'in da shida? Wanda zai fashe fa? Na kusurwa fa? Ɗora goma."

Ta rubuta ɗari da shida, ya shafa kanta. Haka suka yi wata biyu cur, yana jin daɗin cewa ya ba 'yarsa abin da babu malamin da ya sani.

Saura kwana tara jarrabawa, malamar lissafin su Auta ta aiko a kira shi. Ya je da kayan aiki a jikinsa, ya tsaya a bakin ofis yana goge tafi a wando. Malama ta shimfiɗa masa takardar gwaji a tebur, jan biro ya cika ta kamar an yanka kaza a kai.

"Baban Auta, dubi nan. Mutum casa'in, kowace mota tana ɗaukar goma sha takwas. Ta lissafa ta samu biyar, sai ta soke ta rubuta shida. Tanki mai lita ɗari biyu, bokiti mai lita ashirin. Ta samu goma, ta rubuta goma sha ɗaya. Duk aikinta daidai ne, sai a layin ƙarshe ta ɓata shi da hannunta. Na tambaye ta, ta ce idan mota ɗaya ta lalace fa? Wa yake koya mata haka?"

Zufa ta karyo masa har fensirin kunnensa ya zame ƙasa, bai ma sunkuya ya ɗauka ba.

"Ni ne, Malama," ya ce.

"To, idan ta yi haka ranar, ko kusa da arba'in ɗin ba za ta je ba."

Bai san yadda ƙafafunsa suka kai shi gida ba. Da yamma ya sa Auta ta buɗe littafin, ya ce daga yau abin da lissafi ya bayar shi za ta rubuta, kada ta ƙara ko ɗigo. Ta ce to. Tambayar farko ta samu amsa, sai fensirin ya tsaya cak a saman takarda.

"Rubuta mana!"

"Baba, idan na bar shi haka sai in ji kamar wani abu zai faru."

Ashe ba dabara ya koya mata ba, tsoronsa ya ɗura mata. Ya ja numfashi, ya sauko daga kan bokitin ya durƙusa kusa da ita.

"Saurara, uwata. Tayil ɗin takarda ba ya fashewa. Motar takarda ba ta lalacewa. Ni ne na yi kuskure, ba littafi ba."

Bai taɓa faɗa wa ɗa nasa haka ba, sai da maganar ta yi masa ɗaci a baki. Kwana takwas suka yi suna kankare abin da suka gina a wata biyu. Wata rana ta yi tambaya goma ba ƙari, washegari ta koma gidan jiya. Abinci ya daina shiga masa. A wurin aiki ya jera layi guda a karkace, abin da rabonsa da yi tun yana yaro, sai da ya ɓamɓare.

Ranar jarrabawa ya tsaya a bakin ƙofar makarantar awa uku, ya ƙi zama. Da ta fito ya kasa tambaya, ita ta faɗa.

"Sau biyu na ƙara, Baba. Ɗaya na tuna na goge. Ɗayan an karɓe takarda kafin in koma."

Ya ce babu komai. Mako uku yana ɗauke da wannan amsa ɗaya a ƙirji duk inda ya je.

Ran da aka liƙa sakamako a bangon makarantar, iyaye sun yi cincirindo. Ya kutsa da Auta a hannu, ya ɗora yatsa a kan suna na farko ya soma gangarowa a hankali, irin karatunsa. Goma, babu. Ashirin, babu. Ya wuce talatin, sunaye suka riƙa haɗe masa. Talatin da takwas. Talatin da tara.

"Baba, ga ni! Ga ni nan!"

Ita ce ta arba'in. A ƙarƙashin sunanta an ja jan layi, a ƙasan layin kuma sunayen waɗanda ba su samu ba, maki ɗaya ne tsakaninta da ta farkonsu.

Auta na ta tsalle tana jan rigarsa. Shi kuwa sai ya zame ya zauna a ƙasa a tsakiyar ƙafafun mutane. Can ya ɗago, idonsa jawur.

"Uwata, sake ƙirga mini daga sama. A hankali."