Kujera Ɗaya Zuwa Yamai

Ana idar da sallar asuba muka bar Nombakélé, unguwarmu a Libreville, ni da kawuna. An bugo waya daga Dogon Dutsi cewa jikin wansa ya yi tsanani, kuma rabonsu da juna ya haura shekara ashirin. Mai taksi ya ga baliz, wato akwati, ya ce kuɗin mota jaka huɗu, muka daidaita a uku.

Kawu bai taɓa shiga jirgin sama ba. Ta ruwa ya zo Gabon, daga Kalaba. A zamaninsu biye, wato tikitin jirgi, sai manyan alhazai. Yanzu kamfanoni sun yi yawa, har mu masu tebur a kasuwar Mont-Bouët muna iya lallaɓawa mu saya.

Jirgin ƙarami ne, kujeru bibbiyu, gwiwarka na tokare da bayan na gaba. Tafiyarsa irin ta taksin haya ce: ya sauka Duwala, ya sauke wasu ya ɗebi wasu, ya sake tashi. Yawancinmu 'yan kasuwa ne, kowa na kokawar cusa kayansa a sama. Aka raba burodi da sardin da ɗan kofin lemo. Kawu ya tambaye ni nawa za a biya. Da na ce yana cikin kuɗin biye, sai ya nemi ƙari.

Da azahar muka sauka a birnin da ake sauya jirgi. Matar da ke kantar kamfanin jirgin ta daɗe tana kallon na'ura, sannan ta ce kujera ɗaya ta rage a jirgin Yamai, an sayar da biye fiye da kujeru. Na gaba sai jibi. Yadda ta faɗa, da ganin ta saba faɗa.

Kawu ba ya jin Faransanci, idonsa kuma ba ya ganin allo. Ina ta juya abin a raina, sai wata mata da ke bayanmu, haifaffiyar unguwar Akébé ta Libreville, ta matso. Hausarta rabi da Faransanci.

"Baba, ku ba ni fasfonku. Ni ina da kujera a jirgin, zan kai ku har tashar motar Dogon Dutsi."

Na fara kawo uzuri, Kawu ya katse ni. "Bar ni in tafi, ɗana. Ban san ko zai kai jibi ba."

Kwana biyu na yi a otal ɗin da kamfanin ya zuba mu. Shinkafa rana da dare, ɗakin kuma na kallon katanga.

Na isa Dogon Dutsi na iske tabarmi a ƙofar gida, ana karɓar gaisuwa. Kawu ya ce ya sami wansa da rai, sun yi wuni guda tare. Wan bai gane fuskarsa ba, amma da ya ji murya ya kira shi da sunan yarinta. Matar da ta raka shi kuwa sai da ta ga motarsa ta tashi sannan ta tafi. Ko lambarta ban karɓa ba.

Kawu ya tsaya sai bayan arba'in. Ni kaɗai na dawo, babu jinkiri ko kaɗan, na sauka Libreville ana zuba ruwa.

Abin da na koya shi ne, jirgi ya matso mana da gida, amma riƙe biye ba ya nufin ka samu kujera. Mai tafiyar gaggawa ya bar sararin kwana biyu. Mai nasa a gida kuma kada ya jira sai an bugo waya.